A Shafe Waƙar, a Bar Lugude

Libreville, Nuwamba 1994

Zuwa ga ƙanwata Nasiratu,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga gida ba. Da fatan takardar nan ta iske ku lafiya, ke da Inna da mutanen gida duka. Yaya gwiwar Inna? Ni nan lafiya lau, sai ruwan sama da bai san kunya ba, safe da marece.

Kin ce ba ki gane karatun da nake yi ba, to bari in gwada. Ordinatar, wato inji mai ƙwaƙwalwa, bawa ne mai ƙarfi amma dolo. Sai ka rubuta mishi umarni ɗaya bayan ɗaya, ya bi. Wannan rubutun shi ake kira program. In ka manta ɗigo guda, aikin mako ya tsaya. Yayin rubutun kuma sai ka riƙe abu goma a kai lokaci guda, kamar mai awon hatsi a kasuwar Tawa: da an gaishe shi, lissafi ya zube, sai ya koma tiya ta fari.

To ɗakin da muke aiki kasuwa ne. Mu talatin, injuna na gurnani, 'yan Kamaru na gardamar ƙwallo. Kowa ya toshe kunnensa da kiɗa, ni ma wani abokina ya ara mini ƙaramar rediyon kaset mai abin kunne. Nan wahala ta soma. Na sa kiɗan Kongo, ƙafata ta kama rawa ƙarƙashin tebur. Na sa makaɗanmu na gida, kunnena ya bi kirari ya bar aiki, har na tarar na rubuta "giwa" cikin program. Karatun Alƙur'ani kuwa ba a sa shi a juya mishi baya. Abokin ya ba ni gogen Turawa, na yi barci bisa inji har malami ya tashe ni, abin kunya. Shiru kuma ya fi su duka muni, don da na yi shiru sai in gan ni a Tawa.

Jiya na zauna ina tambayar kaina: yaushe ne kaina ya fi zama wuri guda? Sai na tuna zamanin da nake kolej, ina bisa tabarma cikin zaure da littafin lissafi, Inna da Habiba maƙwabciyarmu suna daka a tsakar gida. Lugude na tafiya, taɓarya na amsa taɓarya, ni kuwa lissafi na warwarewa da kansa. Wallahi ban taɓa samun natsuwa irin wannan ba.

Kada ki yi mini dariya. Ki ari rediyo mai ɗaukar magana wurin Mushe Tukur, malamin bokon nan, ki ɗauko mini daka, gefe biyu na kaset cike. Arzika mai kai kaya nan zai zo gida ƙarshen wata, ya komo bayan ya ga iyalinsa, sai ki ba shi. Jarabawata ta ƙarshe program guda ce babba, in na faɗi, shekara uku sun tafi banza.

Ki gaida Inna. Na san ba za ta amsa ba, amma ki gaya mata.

Yayanki,
Alƙasum

*

Tawa, Disamba 1994

Yaya,

Takardarka ta zo, mun gode Allah da jin lafiyarka. Mu ma lafiya. Gwiwar Inna na nan yadda ka san ta, in ɗari ya sauka sai ta yi ta tsaki. Makarantarmu kuwa malamai sun sake yajin aiki, ina gida ina koyon ɗinki.

Ka ce kada in yi dariya. Na yi, har na shaƙe. Mutum ya haye teku, ya je ƙasar da ake cin rogo da ganye, don ya aiko a turo mishi ƙarar turmi! Habiba ta ce boko ya gama da kai. Mushe Tukur ya ce shi bai ga abin dariya ba, ya ba da rediyonsa har da pil, wato batir, sabbi.

Na karanta ma Inna. Ka san halinta da kai. Tun da ta haife ka ɗan fari, kunya ta hana ta faɗin sunanka, ta miƙa ka ga kaka a ƙauyen Bambeye, sai kolej ya dawo da kai Tawa, har yau kai ne "Na Bambeye". Tana jin takardar ta juya baya tana tsince wake, kamar labarin ɗan maƙwabta ake ba ta. Da na ƙare ta ce, "Mutane dai ba su da aikin yi." Amma da gari ya waye na iske ta wanke babban turmi, ta jiƙa hatsin da ya fi ƙarfin gidanmu, ta aika a kira Habiba. Har kallabin sallarta ta ɗaura. Na ce, "Inna, abin nan ba ya gani, ji kawai yake." Ta ce, "Ke anka tambaya?"

Sunka soma lugude, Yaya, unguwa ta ɗauka. Habiba na jefa taɓarya sama tana tafi tana cafewa. Can sai Inna ta buɗe baki. Ni tunda nake ban taɓa jin wannan waƙar ba, nan take ta ƙaga ta:

Turmi, gaya mishi, ni bakina da nauyi,
Na ba kaka goyo, ban bi shi da kallo ba,
Mutane sun ce wannan uwa dutse ce,
Dutse na jin rana, bai dai iya faɗi ba.

Habiba ta kasa amshi, ta yi ta share ido da gefen zane. Ni na riƙe rediyon. Ba zan rubuta maka sauran ba, kunnenka ya sha da kansa.

Kaset babu komai a ciki ya yi wuya tun da anka karya darajar kuɗi. Nawa guda ɗaya na waƙoƙin biki na toshe ma ramukan da takarda na ɗauka a kai. Ka ga irin son da nake maka. In ka ci jarabawa ka tuna da ni, in ka faɗi kada ka ce turminmu ne.

Taka,
Nasiratu

*

Libreville, Janairu 1995

Nasiratu,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ina rubutu a tsaye, Arzika na bakin ƙofa yana ce mini mota ba ta jira.

Kaset ya zo, na gode ƙwarai. Luguden shi ne daidai abin da nake nema. Amma waƙar ta hana ni aiki. Da muryar Inna ta shigo, komai ya zube mini, ba na iya rubuta ko layi guda. Ga kaset ɗin na maido, tunda kin ce samun wani da wuya. A shafe, a sake ɗauka, daka kawai, ban da murya. Ko magana kada a yi kusa. Lokaci ya matse ni, don Allah ki hanzarta.

Ki gaida kowa.

Alƙasum

*

Tawa, Fabrairu 1995, cikin azumi

Yaya Alƙasum,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka, da kai da injinka.

Ga kaset ɗinka. Daka kawai, ban da murya, yadda ranka ya so. Amma sai ka ji yadda anka yi shi, don ba zan haɗiye wannan ni kaɗai ba.

Arzika bai iske ni ba, na tafi wurin ɗinki. Inna ya miƙa ma saƙon. Na dawo na tarar da ita zaune bakin ɗaki, kaset a cinya. Ta gane shi, don ita ta ɗaure shi da jan zare da hannunta. Ta ce, "Ya lalace a hanya ne?" Na buɗe takardar, idona ya riga bakina, na yi niyyar in yi mata ƙarya. Ka san Inna ba ta karatu amma tana karanta fuska. Ta ce, "Faɗi yadda ya rubuta, ko in kai ma Mushe Tukur." Sai na karanta mata, kalma kalma. "Ban da murya." Ashe haka kalmomi ukun nan suke da nauyi in an faɗe su a tsakar gida.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ya yi gaskiya. Ni ce na yi rashin kunya, tsofai-tsofai da ni."

Na ce mu bar wannan, in nemo wani kaset ko da rance ne. Ta ce a'a, mai abu ya ce a shafe. Na ɓoye shi cikin kayan ɗinkina, ta tono shi. Ita da kanta ta je ta aro rediyon, ita ta sa Mushe Tukur ya nuna mata jan maɓallin. Ba ta kira Habiba ba, ta ce Habiba ba ta iya riƙe bakinta. Ni ta ba taɓarya ta biyu. Da azumi a bakinta, da gwiwar nan, ta daka gefe biyu cur, leɓɓanta a dame kamar an ɗinke. Akuya ta yi kuka, ta sa anka fitar da ita waje anka soma daga fari. Tari ya taso mata, ta danne shi har hawaye sunka zubo, don kada ya ɓata maka aiki.

Tun ranar ba ta sake waƙa a bakin turmi ba. Habiba ta ja ta da habaici, ta ja ta da waƙar da suke yi tun suna amare, Inna ta ce maƙogwaronta ne ke ciwo.

Haba Yaya! Bayan abin da ta yi maka cikin kaset ɗin nan? Kai ka san abin da ya ci mata kafin ta yi shi. Mace ta sauke kunyar shekara ashirin da bakwai ta aiko maka, ka maido mata ka ce tana hana ka aiki. Ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba. Karatun da ke sa mutum ya toshe kunne daga uwarsa, ni ban san sunansa ba.

Allah shi ba da sa'ar jarabawa. Inna ce ta ce in rubuta haka, ba ni ba.

Nasiratu

*

Libreville, Maris 1995

Ƙanwata,

Barka da salla, ko da ta wuce. Ina fata kun sha ruwa lafiya. Ni jikina lafiya, amma tun da na karanta takardarki abinci ba ya wuce mini.

Innalillahi. Nasiratu, ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka ba ne. Ki zauna kusa da Inna ki karanta mata wannan a hankali.

Ranar da kaset na fari ya zo, na tafi da shi ɗakin injuna, na sa abin kunne, na ɗora hannu bisa maɓallai. Lugude ya soma, na ce alhamdulillahi. Sai na ji muryarta. Ban san lokacin da na kife kai bisa tebur ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu, gaban mutum talatin, har wani ɗan Cadi ya kama ni ya fitar da ni waje yana tambaya wa ya mutu. Kashegari na sake gwadawa, haka. Waƙar ba ta dame ni don ba ta da daɗi ba. Ta fi ƙarfina ne. Kiɗan aiki shi ne wanda kunne zai jingina da shi ya manta da shi, ni kuwa ta yaya zan manta da Inna tana yi mini magana karo na fari?

Da na ce a shafe, tunanina guda: waƙa na bakinta, in na dawo in zauna cikin zaure ta yi mini ita, ko da ta bayan danga ne. Kaset kawai na ga ana shafewa. Na rubuta mata kamar yadda nake rubuta ma inji, gajere, ba gaisuwa, ba dalili. Inji ba ya jin zafi, na manta mutane na ji.

Kaset na biyu ya yi aikin da anka yi shi dominsa, kuma wannan ma ciwo ne. Da shi na ƙare program ɗin, malamai sun karɓa, sun yaba. Amma yanzu da na san yadda anka daka shi, ina jin wurin da taɓarya guda ke jinkiri, na san gwiwar ce.

Ki ce mata Na Bambeye na roƙon gafara. Ki ce mata muryarta ta fi mini takardar da za su ba ni. Ina nan tafe da damina in Allah ya so. Arzika ba zai tashi ba sai bayan layya, don haka na sa wannan a gidan waya, ki amsa da wuri.

Yayanki mai laifi,
Alƙasum

*

Tawa, Afrilu 1995

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yi haƙuri, ka riƙe zuciyarka. Inna ta rasu.

Sanƙarau ne. Ya shigo gari da zafin bazarar nan, ya ɗebi yara da yawa a unguwarmu, ba mu zaci zai taɓa babba ba. Ta tashi da ciwon kai ranar Talata, kafin azahar wuya ya sanƙare. Munka kai ta asibiti bisa amalanke, mutane kwance har ƙarƙashin itatuwa. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ba ta bar wasiyya ba, zazzaɓin bai bar ta ta san kowa ba. Kawunanmu sun zo daga Bambeye, an yi mata sutura yadda ya kamata.

Takardarka ta Maris ta zo bayan an yi sadakar bakwai. Ma'aikatan gidan waya sun yi yajin aiki, ta kwanta cikin buhu a Yamai. Na karanta ta a ɗakinta, bisa gadonta, da ƙarfi, a hankali yadda ka ce. Babu kowa sai ni.

Na huce da kai, Yaya. Ba ni da wani sai kai yanzu. Amma ba zan ce maka ta ji ba, don ba ta ji ba.

Allah shi gafarta mata, shi sa ta huta.

Nasiratu

*

Libreville, Mayu 1995

Nasiratu,

Na samu. Allah shi jiƙan Inna, shi ba mu haƙuri. 'Yan Adar da ke nan sun taru sun yi mata addu'a a gidan Arzika. Yaya kike? Wa ke kwana da ke a gidan? Ki ci abinci don Allah.

An ba mu sakamako, na ci. Sun kira sunana, na tashi na karɓa, ban ji komai ba.

Na mayar ma abokina da rediyonsa. Ba na iya aiki da kiɗa kowane iri yanzu, ba na kuma iya aiki da shiru. Na ɗauki kaset ɗin na kai ma wani mai gyaran rediyo a kasuwa, na tambaye shi ko akwai dabarar da za a tono abin da anka shafe. Ya dube ni da tausayi ya ce abin da ya tafi ya tafi. Ni da na karanta inji na san haka, amma na je.

Abu guda nake roƙo. Ki rubuto mini waƙar duka, iyakar abin da kika riƙe. Ni baiti huɗun farko kawai na sani, waɗanda kinka rubuto. Sau biyu na sa kaset ɗin, sau biyun kuma daidai wurin dutsen nan nake kashewa, ba na iya wucewa. Ban taɓa juya shi gefe na biyu ba. Na bar ma kaina sauran sai na dawo gida. Ki tambayi Habiba, wataƙila ta riƙe abin da ya kuɓuce miki.

Yayanki,
Alƙasum

*

Tawa, Yuni 1995

Yaya,

Ina lafiya. Habiba ke kwana da ni, tana gaishe ka. An yi ruwan fari, mutane sun fita shuka.

Takardarka ta kwana uku a hannuna ban iya amsawa ba. Na so in rubuto maka baitocin in yi shiru da sauran. Habiba ta ce in yi shiru. Amma kai ka tambaya, kuma ni ba zan iya ɗaukar wannan har kabarina ba.

Ashe ba ka ji gefe na biyu ba.

Waƙar ba ta da yawa, ta yi ta maimaita ta ne, in ka zo ni da Habiba za mu haɗa maka abin da munka riƙe. Ba ita ce maganar ba. Ranar da munka ɗauki kaset na fari, da hatsi ya ƙare, Habiba ta tafi gida ɗora tukunya. Saura kaɗan zaren kaset ɗin ya ƙare. Inna ta jingine taɓarya, ta dubi ƙofa, ta dubi rediyon, ta ce mini, "Har yanzu yana ji?" Na ce yana ji. Ta ce in juya baya. Na juya. Sai na ji ta durƙusa, da gwiwar nan, ta kai bakinta kusa da shi ta ce, "Alƙasum." Ta sake cewa, "Alƙasum, ɗana, ka ci abinci." Daga nan ta ja zane ta rufe fuska ta shige ɗaki da sauri kamar yarinya, ba ta fito ba sai la'asar.

Ban rubuta maka ba a lokacin don na so ka ji da kunnenka, ba da alƙalamina ba. Da na zage ka cikin azumi, wannan nake nufi, na ɗauka ka sani.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Ranar da kaset ya dawo, bayan na karanta mata takardarka, ta daɗe tana murza jan zaren nan. Sai ta tambaye ni abu guda, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ya saurara har ƙarshe?"

Yaya, ban sani ba. Ban yi tunanin mutum zai samu muryar uwarsa ya tsaya a rabi ba. Da na ce mata wataƙila bai kai nan ba, da ta samu abin riƙewa, da ta ce yaro ne, gaggawa ce. Ni kuwa haushinka ya cika ni, kuma na ɗauka gaskiya nake faɗi.

Na ce mata i. Na ce ka ji duka.

Ka zo da damina kamar yadda ka ce. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka, tunda mai yafe mana duka ba ta nan.

Ƙanwarka,
Nasiratu